Wayar da Aka Hana Ni Canzawa

Darakta ya raba wa kowa sabuwar waya ya tsallake ni, a gaban baƙi, bayan shi da bakinsa ya ce ni ne na farko. Ranar nan ba ta fita daga raina ba, kuma ban ga alamar za ta fita ba. Na ji sababbin ma'aikata suna ba da labarin a wurin mai abinci, kowa da gishirin da yake ƙarawa, har da masu cewa durƙusawa na yi ina roƙo. To ga shi daga bakin mai shi.

Sunana Tanko, direba ne ni a ƙungiyar nan tun kafin a dawo da ofis Maitama. Karatuna a ƙaramar sakandare ya tsaya, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Gidana yana Karshi. Ga wanda bai san aikinmu ba, shafin intanet gare mu da ke gaya wa manoma farashin doya da dawa da masara a kasuwanni, da lokacin da ake sa ran ruwa, da inda za su sami iri mai kyau.

A ofis, kana taɓa shafin yake buɗewa. A Karshi kuwa sai dai haƙuri. Abin da ke fara fitowa ƙaton hoton Darakta ne cikin babbar riga, ƙasansa bidiyonsa yana yanka kirtani. Hoton daga sama yake saukowa a hankali, kuma kafin ya iso goshi sabis ya gaji. Maƙwabcina Baba Yohanna, manomin doya, ya taɓa tare ni a bakin masallaci ya ce, "Direba, wannan abu na ofis naka ya cinye data nawa duka. Ban ga kuɗin doya ba. Hula kawai na gani."

Masu ba mu tallafi ne suka fara ƙorafi cewa shafin ba ya sauri kuma yana cutar da muhalli, aka ɗauko Injiniya Salamatu ta gyara shafin. Ranar da ta fara aiki ba ta ko zauna ba, ta tsaya tsakiyar ofis ta ce, "Don Allah wa ya fi kowa mummunar waya a nan?" Ba wanda ya yi shawara da wani. Duk yatsu suka nuno ni.

Ban yi musu ba. Gilashinta a fashe yake, bayanta da roba na ɗaure, kyamarar gaba ta mutu tun tuni, batir kuwa in ka yi doguwar gaisuwa sai ka nemi caji. Salamatu ta juya ta kamar ta tsinci zinare.

"Baba Tanko, irin wannan ce a hannun manomanmu. In shafin ya buɗe a nan, ya buɗe ko'ina."

Na ce, "To na ji na saurin. Shi muhallin da kuke ta faɗa fa, ina ruwan shafi da bishiya?"

Ta ce duk lokacin da mutum ya buɗe shafi, akwai manyan na'urori a wani wuri da ke turo masa kayan. Suna shan wuta, ana kunna musu na'urar sanyi dare da rana. Ƙarfen sabis na unguwarmu ma janareta ke riƙe da shi, dizal yake sha. In kayan shafin sun yi yawa, kowa a hanyar sai ya ƙara sha, har batirin wayata.

Na ce, "Wato lodi ne ya yi wa motar yawa."

"Shi ke nan, Baba Tanko, ka gama kwas."

Ga yadda aka tsara aikin. Ita da abokan aikinta su rage girman hotuna, su cire rubuce-rubucen da ke yawo suna walƙiya, su dawo da farashi sama inda ido zai fara sauka. Ni kuma in na koma gida in gwada: a ɗakina, a teburin mai shayi, da bakin kasuwa inda sabis ya fi taurin kai. Sai in aika mata saƙon murya, don rubutu a wayar nan azaba ne. Ma'aunina mai sauƙi ne. In na ce a haɗa mini shayi na taɓa shafin, wanne zai riga isowa? Da farko har in shanye in biya abin yana juyawa. Doka ta zama ba a sakin wani gyara sai Karshi ta amince. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin dokar nan. Masu digiri suna tambayar juna da safe, "Baba Tanko ya turo?"

A tsakiyar aikin ne 'yata Ladidi ta haihu a Gombe, jikana na fari. Na je suna na dawo. Daga nan sai kiran bidiyo, wanda wayata ba ta san shi ba. Su ba sa ganina, ni kuma fuskar yaron ta daskare mini baki buɗe. Sai na je gidan maƙwabta aron waya, babba da ni, ina sallama ina jiran a gama cin abinci. Na gaya wa Salamatu zan canza waya. Ta haɗa hannu ta ce in yi wa Allah in jira aikin ya ƙare. Na jira.

Abu ɗaya ya rage, hoton Darakta da bidiyonsa, kuma ba mai ƙarfin halin cewa a cire. Sai Salamatu ta yi dabara. Ranar kasuwar Karshi muka kai shi ziyarar manoma, ta miƙa masa wayata ta ce, "Yallabai, ko za ka nuna musu shafin da hannunka?" Ya taɓa. Muka tsaya cikin rana, manoma sun kewaye shi. Hula ta fito. Ta tsaya. Baba Yohanna ya leƙa wayar, ya ɗaga kai ya dubi Darakta, ya tafa hannu.

"A'a! Ashe kai ne mai hula! Sannu oga, yau mun ga sauran ka!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. In ba shi haƙƙinsa, shi ma ya yi dariya, ko da yake ta yaƙe ce. A mota ya ce a cire duka. Sannan ya dafa kujerata ya ce, "Tanko, masu tallafi za su kawo wa ma'aikatan wannan aiki wayoyi. Kai ne na farko." Salamatu tana zaune a baya, ta ji.

Bayan an cire, shafin yana buɗewa tun mai shayi bai gama zuba madara ba.

Ranar bikin kammalawa aka cika ɗakin taro, baƙi da lemo da fankasun Turawa. Ga kwalayen wayoyi a jere. Aka ce in kawo tsohuwar wayata, na kai da sauri, a zatona bankwana za a yi mata. Darakta ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya yi dogon Turanci, sannan ya juyo Hausa don in ji da kyau.

"Wannan waya ita ce jarumar aikin nan. Daga yau dukiyar ƙungiya ce, kada Tanko ya kuskura ya canza ta, don gwaji bai ƙare ba. Kuma yawan canza waya ɓarna ce ga muhalli. Tanko abin koyi ne a gare mu."

Aka tafa. Ni ma na tafa, don ban gama fahimta ba. Aka kira suna ɗaya ɗaya, har da mai kula da shafin sada zumunta da bai san hanyar Karshi ba. Kwalaye suka ƙare. Ni aka miƙo mini sabuwar rigar waya ta roba, koriya, mai hoton ganye. Ba ma ta shiga wayar ba.

Salamatu ta same ni a gareji idonta ya yi ja. "Wallahi Baba Tanko sunanka na fara sawa. Bari in je in yi masa magana."

Na ce, "Bari, Injiniya. Bakina ba na aro ba ne."

Ku sababbi, ga abin da na koya. Aikin nan na gaskiya ne, na gani da idona: manomi yana duba farashi kafin ya ɗora doya a mota, datarsa ba ta ƙare ba. Kuma dole a riƙa gwaji a waya irin tawa, wannan ba gardama. Amma ku lura da masu wa'azin tattali. Sau da yawa mai wa'azin a cikin sanyi yake, wanda zai yi tattalin yana rana. Yanzu tsohuwar wayar tana durowar Salamatu, duk Juma'a ake ba ni ita in tafi gwaji, sabuwa kuma da Darakta ya ba ni daga baya tana aljihuna, jikana ya san fuskata har yana jan gemuna ta gilashi. Abin da bai zo wa Darakta a rai ba ke nan, cewa mutum ɗaya zai iya riƙe waya biyu, shi da nasa suke jere a tebur kamar shagon caji.

Yadda aka kai ga haka shi ne, da yammar ranar bikin bayan baƙi sun watse Darakta ya kira ni ofishinsa. Bai ɗago kai ba ya ce gobe da sassafe in kai shi tashar jirgin ƙasa ta Idu, zai je Kaduna. Na zare layina daga wayar, na ajiye ta a tsakiyar wayoyinsa, na ɗora makullin mota a kanta. Sai a lokacin ya dube ni.

"Mene ne haka, Tanko?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya wa duniya ita ce jaruma, ita ce ta yi aikin. To ga ta nan, ga makulli. Gobe sai ta kai ka Idu."