Huji Huɗu a Wandon Mai Agogo

Kawuna ya shekara talatin da ɗoriya yana wanki da guga a shago ɗaya, ɗan ɗaki mai baho uku da teburin guga, sai igiyar shanya a baya. Karatunsa bai yi nisa ba, amma tufafi yana karanta su kamar jarida. Yana gane wanda ya rame daga inda mazagin wando ya koma ƙullewa, yana gane wanda ya fara shan taba a ɓoye. Wasiƙun da ya tsinta a aljihun mutane kuwa, da zai buɗe baki da unguwar ta kama da wuta. Sai dai ba ya buɗewa. Dokarsa ɗaya ce, mun ji ta har mun haddace: "Abin da baho ya gani, a baho yake ƙarewa." Ni da Allah ya yi da son jin ƙwaƙwaf, na sha takaicin wannan doka.

Sau ɗaya na san ya karya ta.

Akwai mai gyaran agogo da rumfarsa ke kallon shagon, tsoho mai taurin kai, abokin Kawu tun kafin a haife ni. Duk Talata yake aiko da wanki. Wata Talata ina wurin, Kawu ya ɗaga wani farin wando cikin kayan tsohon, sai ya tsaya cak. A bayan ƙafar hagu akwai ƙananan huji huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da busasshen jini. Ya tsallaka titi da kumfa a hannunsa, na bi bayansa.

"Malam, kare ne ko?"

Mai Agogo bai ko ɗago ba. "Wanki na ba ka, ban ba ka bincike ba."

"Karen wa?"

"Ina na sani? Shekaranjiya ne, wajen bola. Ɗan ƙwarzane ne, har ya bushe."

"Tashi mu je asibiti."

"Su yi mini allura ashirin a cibiya, da tsufana? An ce ma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Je ka yi wankinka, don Allah."

Kawu ya dawo ya zauna a benci, bai taɓa baho ba. Ranar na fara jin labarin autarsu, ƙanwar mahaifiyata da ban taɓa gani ba. Kwikwiyo ne ya cije ta a yatsa tana 'yar shekara tara. Aka shafa magani, ciwo ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu ta fara zazzaɓi.

"Ƙishi yana cin ta," in ji shi, "amma da na kawo moɗa sai maƙogwaronta ya shaƙe, ta ture hannuna. Kwana huɗu ta yi. Ga ni nan kullum hannuna cikin ruwa, amma har yau in na cika baho wani lokaci sai ta faɗo mini a rai."

Ya goge hannunsa, ya naɗe wandon, ya nufi makarantar da 'yar Mai Agogo take koyarwa. Ya shimfiɗa mata shi a kan tebur.

Kafin la'asar ta tasa ubanta a gaba zuwa asibiti, yana tafe yana faɗa. Ita ta ba mu labari daga baya. Ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana wanke wurin da ruwa da sabulu, ta yi masa allurar rigakafi a damtse, ta rubuta ranakun da zai dawo. Ma'aikaciyar ta ce allurar cibiyar nan an daina ta tuntuni, kuma wannan yawanci iyakarta tsamin hannu ko ɗan zazzaɓi. Amma idan aka jira ciwon haukan kare ya nuna kansa, to ba a cika tashi ba. Mai Agogo bai tsallake ko rana ɗaya ba, don 'yar tasa ta gaje shi a taurin kai.

Sai dai daga ranar bai sake aiko wa Kawu da ko hula ba. Ya ce an tona shi a gaban 'yarsa kamar ƙaramin yaro. Yanzu can yake kai wa masu inji, suna koɗar masa da kaya. Gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Labarin ya bazu, har wasu suka fara lalube aljihunsu a gaban Kawu kafin su miƙa wanki. Abin ya ƙona mini rai, na ce wannan butulci ne, an yi wa mutum rana yana ramawa da dare. Kawu ya ce in bar shi, ai da gaskiyarsa, shi Kawu ne ya karya doka. Amma na ga yadda Talata take yi masa tsawo.

Wata rana da zafi, bayan kusan shekara, Kawu yana guga ina linke masa kaya. Can tsallaken titi Mai Agogo ya ajiye aiki, ya ɗauki kofin ruwa ya kafa kai. Kawu ya ɗaga dutsen guga, ya tsaya yana kallo har ya shanye.

"Kin ga yadda yake sha?" in ji shi. "Ko ɗigo bai rage ba."

Sannan ya mayar da dutsen kan rigar.