Jiƙaƙƙiyar Tutar Desmond

Desmond Trewin kuku ne a jiragen ruwan yaƙi tun yana saurayi. Da ya bar aiki ya buɗe shagon soyayyen kifi da dankali a garin Plymouth na bakin teku, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Abin tunƙaho ɗaya ya rage masa: shi ke riƙe tutar ƙungiyar tsofaffin sojojin ruwa ta unguwarsu a ranar tunawa da mamata, a gaban hasumiyar da aka zana wa sunayen waɗanda teku ta ci.

Ƙungiyar kuwa mutuwa ta gama yi mata ɗauki ɗai-ɗai. An riga an yanke cewa ranar da Desmond ya gaza, tunda babu mai karɓa, sai a kai tutar coci a rataye, a rufe ƙungiya. Matarsa Glenys ce kaɗai ta san kafaɗarsa ta dama ta lalace, ko butar shayi da hannu biyu yake ɗauka. Ta yi magiya ya je wurin likita har ta gaji. Ya ce ai likita bai taɓa riƙe tuta ba. Wajen taurin kai dai ba a bar shi a baya ba.

Ranar taron aka wayi gari da ruwan sama, gaban Desmond ya faɗi. In ƙasa a bushe take, lokacin yin shiru don girmama mamata sai a sunkuyar da tuta har kan sandar ya dafa ƙasa, hannu ya huta. In an yi ruwa kuwa, ba a yarda ƙyallen ya taɓa taɓo ba. A sunkuye ake riƙe ta ba tare da ta dafa ƙasa ba, har a gama.

Cyril Hannaford, mai riƙe tutar ƙungiyar maƙwabta kuma abokin tsokanarsa, shi ne a gefensa cikin sahun masu tutoci.

"Kuku, da ka ce a miƙo maka ludayi, sandar nan ta fi ƙarfinka."

"Kai dai riƙe haƙoranka, kada iska ta tafi da su."

Aka busa ƙaho, tutoci suka sunkuya, fili ya yi tsit. Ƙyallen ya sha ruwa ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ga iskar teku tana fizga. Kafaɗar ta ɗauki zafi, gezar tutar tana lilo kusa da taɓo. Tsoro ya kama shi sosai. Ya cije leɓe ya riƙe.

Aka sake busa ƙaho, alamar a ɗaga. Desmond ya yunƙura, hannu ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Kuma ba a kama wa mai tuta sandarsa a bainar jama'a.

Sai ya lura tutar Cyril ma ba ta tashi ba. Mai tuta na gaba ya gani ya dakata, haka har ƙarshen sahu, duk suna sunkuye cikin ruwa.

"Ba sauri muke ba, kuku," in ji Cyril ƙasa-ƙasa.

Desmond ya tokare gindin sandar da ƙugu, ya haɗa da hannun hagu, tuta ta tashi a hankali, sauran suka bi ta.

Da aka watse, Glenys ta zo da lema. Ya kasa buɗe yatsunsa, sai da ta ɓamɓare su daga sandar. Ya duba gezar, babu ko ɗigon taɓo.

"Ki yi wa fadan coci magana," ya ce. "Gara in kai tutar da kaina tun tana da tsabta."