Yayata da Lawashin Albasa

Yayata ta yi aure a Aliero, gidan manoma albasa. Ita ta zaɓi mijinta, kuma mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Albasar ce jikinta ya ƙi.

Idan an cire albasa, matan gidan ke yanke lawashi, su daka, su dunƙula gabu su shanya don miyar shekara. Da yayata ta zauna gaban turmin nan sai hannuwanta su yi rudu-rudu, idanu su kumbura, ƙirji ya kama kuka kamar ƙyauren da ya rasa mai. In ta zo ganin gida Jega ta kwana biyu, sai ta warware sarai. Wannan warwarewar ce ta ja mata suna.

"Ciwon da ka jin tsoron aiki!" in ji uwar mijinta. "Albasag ga da tac ci da kakanninmu, ita ka kashe ki? Ƙiwuya ta, ɗiyata."

Na kai ta asibiti da kaina. Likitan ya saurari ƙirjinta, ya ce jikinta ne ba ya shiri da wani abu, amma ba su da abin gwajin da zai nuna mene ne, sai an dangana da babban birni. Ya ba ta ƙwayoyi masu sa barci da abin shaƙa, ya ce ta nisanci albasa. A Aliero! Dariyar takaici na yi. Can ko labulen ɗaki warin albasa yake.

Ƙwayoyin suka ƙara ɓata lamari, don yanzu ga ta tana gyangyaɗi da rana tsaka, mata na zunɗen ta. Sai ta daina sha. Ta daina ambaton ciwon ma. Ta riƙa riga kowa ɗaukar taɓarya, in numfashi ya sarƙe ta zaga bayan rumbu ta shaƙi magani, ta dawo. Na yi mata faɗa har na gaji. Ta ce da ni gara ƙirjin da a kira ta raguwa.

A bakin turmin ta faɗi, wata kakar albasa. Kafin a samo mota ta cika.

Har yau ban huce ba. Wurin zaman makoki uwar mijin ta riƙe hannuna, tana kuka na gaskiya, tana shaida wa mata:

"Wallahi ban taɓa ganin mace mai aiki awa ita ba. Ko ciwon kai ba ta yi."