Waya Ta Ce An Kai, Kawu Ya Ce Bai Gani Ba

Ni ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, a Tambuwal kafin in zama abin da na zama. Matan unguwarmu ni suke aike kasuwa, don ban taɓa cin canjin kowa ba. Na faɗi haka ne, ku matasa, don ku san ba a haife ni da dogon hannu ba. Da kaina na yi ta jan sa har ya yi tsawo.

Wannan sunan kirkin ne ya sa wakilin wani kamfanin aika kaya ya ɗauke ni aiki. Masu sayar da kaya ta waya suna kawo ƙunshinsu ofis, a manna wa kowanne takarda mai baƙaƙen layuka, wadda muke kira lamba. Idan ka miƙa wa mai kaya abinsa, sai ka haska lambar da wayar aiki, ta yi ƙara, nan take saƙo ya je wa mai sayarwa cewa an kai. Ni aka ba hanyar Kebbe da ƙauyukanta.

Matsalar hanyar nan ita ce sabis. Sai ka tsaya a ƙofar gidan mutum kana ɗaga waya sama kamar mai kallon wata, ta ƙi yin ƙara. Ka dawo ofis a ce ka makara. Wanda na gada a aikin ya nuna mini wata tsamiya a bayan gari inda sabis yake da ƙarfi, ya ce in haska kayan duka a nan, sannan in kama hanya. Haka na yi ta yi wata da watanni, kuma ina kai wa kowa abinsa. Ban ɗauke shi laifi ba ko kaɗan.

Wata rana na kai fitila mai caji da rana wata ruga, na tarar sun tashi da shanunsu sun yi kudu. Na dawo da ita. A wajen kamfani an riga an kai ta tun daga gindin tsamiya. Kwana goma tana ƙarƙashin gadona, babu wanda ya kira. Sai na yage ledar, na riƙe fitilar. A ƙunshi na biyu ban ma jira kwana goma ba. Daga nan na daina jiran mutane su tashi, na koma zaɓar su: tsofaffi, na nesa, waɗanda idan an ce musu waya ta nuna an kawo, sai su yi shiru.

Cikin masu kawo kaya akwai Bashar tela. Shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya, amma ɗinkinsa har Sakkwato ake nema. Maraya ne. Kawunsa Maiwada, wani dattijo a Fakku, shi ya rene shi, shi ya saya masa keken ɗinki. Dattijon yana da wata farar shadda da ya daɗe yana ɓoyo a adaka, ya ba Bashar ya ɗinka masa babbar riga don ɗaurin auren 'yarsa. Mako uku Bashar yana mata aikin hannu. Da zai ba ni, sai da ya riƙe hannuna ya ce in kula da ita.

Na haska ta a gindin tsamiya, na sayar a kasuwar Dogon Daji.

Saura kwana biyu ɗaurin aure Bashar ya kira ni shagonsa. Ya ce Kawu ya bugo waya ya ce bai ga riga ba. Na rantse hannu da hannu na ba shi. Na ɗauka maganar za ta ƙare a nan, sai na ga ya jawo sandarsa.

"Ɗauke ni mu tafi Fakku yanzu," ya ce. "Tsufa na, ƙila ya aje ta ya mance. In yag gane ka zai tuna."

Ban sami hanyar ƙi ba. Ni na goya shi a babur ɗina. Sau biyu na rage gudu da niyyar in faɗa masa gaskiya, sau biyu na sake murza mai.

Mun sami dattijon a zaure tare da maƙwabtansa uku. Bayan gaisuwa ya ƙura mini ido.

"Yaro, dube ni da kyau. Ka taɓa ganina?"

"Na gane ka, Baba. Nan ƙofar zauren ga nib ba ka ita, ran Talata."

Ban san daga inda muryar ta fito ba, amma ko rawa ba ta yi ba. Dattijon ya juya wajen ɗan 'yar'uwarsa, yana jiran abin da zai ce. Da Bashar ya yi shiru ma da ya fi. Sai ya ciro waya ya nuna masa saƙon.

"Kawu, ga shi nan, har da ƙarfe nawa. Abin ga ba ya ƙarya."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya sunkuyar da kai.

"Ni ka ƙarya ke nan," in ji dattijon, a hankali. "Gaban mutane, Bashar. Tashi ka fita mani gida."

A hanyar dawowa na ji bayan rigata ya jiƙe. Kuka yake yi. Da muka isa shago har godiya ya yi mini, wai na ɓata lokacina saboda shi. Ban taɓa ƙin kaina kamar wannan ranar ba, amma ban daina ba. Ba a gayyaci Bashar ɗaurin auren ba, ni kuwa na ci gaba da haskawa.

Abin da ban sani ba shi ne wayar aiki tana rubuta wurin da aka haska kowace lamba. Da ƙorafi ya yi yawa, kamfani ya turo wanda ya duba taswira. Kayan Kebbe, kayan Fakku, kayan rugage, duk a ɗigo ɗaya suka taru a bayan garin Tambuwal. 'Yan sanda suka tarar da yagaggun ledoji a ɗakina, lambobinsu na manne. Ni da nake ganin kaina gwani, ko ƙone su ban yi dabarar yi ba. Alƙali ya ɗaure ni shekara biyu.

Gidan yari ba na fatan sa ga maƙiyina, amma ba yunwa ko ƙwarƙwata suka fi cin raina ba. Fuskar dattijon nan ce, lokacin da ya juya yana jiran ɗansa ya tsaya masa.

Da na fito, wajen Bashar na fara zuwa. Ya rame. Ya ce ya yafe mini, bai ko ɗago daga kan keke ba. Ya ce tun ranar da gaskiya ta fito ya je Fakku sau shida, Kawu yana amsa sallamarsa, amma ba ya ba shi wurin zama.

Washegari na tafi Fakku, na durƙusa a zauren nan na faɗi komai. Dattijon ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yafe duniya da lahira. Sauƙin yafiyar ya ba ni ƙarfin gwiwa, na ce to Bashar fa, ai shi ma cutarsa aka yi.

"Kai baƙo na," ya ce. "Ɓarawo kake, sana'arka kay yi. Shi ko a bayana yag girma, ya san ban taɓa yi mai ƙarya ba. Ga ni zaune, ga waya, yaz zaɓa."

Yanzu noma nake yi, na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Ku masu sayar da kaya, saƙon "an kai" hannun mutum ne ya taɓa shi, kuma mutumin zai iya zama irina. Ku kira mai kaya ku ji daga bakinsa. Ku kuma matasa masu irin aikina, kada ku haska abin da ba ku miƙa ba, ko da niyyarku fara ce tas, don ni ma da farar niyya na fara.

Kada kuma ku ce ai kaya ne kawai, in an kama ku za ku biya. Na yi zaman yarina na gama, waɗanda na cuta sun yafe mini. Har yau Bashar a tsaye yake gaida Kawunsa, da sanda, a bakin ƙofa, kuma babu kotun da za ta ƙara mini kwana ɗaya a kan wannan.