Shagon da Baba Ƙofar-Wa Ya Riƙe

Duk wanda ya taɓa kai makulli a yanka masa a layin bayan kasuwa ya san Baba Ƙofar-Wa. Sunan ma daga bakinsa aka samo shi. Ka miƙa masa makulli, ba zai karɓa ba sai ya sauke tabarau kan hanci, ya kalle ka sama da ƙasa, sannan ya ce, "Ƙofar wa?" Ka ce taka ce, ya ce, "Ta gado, ta haya, ko dai ta maƙwabci?" Wallahi har matarsa sai da ta sha wannan tambayar ranar da ta kawo makullin kicin. Kwana biyu ba ta kula shi ba.

A wurinsa, makulli a aljihu ba ya nuna mai ɗaki, don ɓarawo ma yana da aljihu. Kuma ba a sama ya tsinci ra'ayin ba. Shi kansa shekara ashirin da shida yana buɗe ƙofar da bai taɓa kira tasa ba. Shagon na yayansa ne. Ranar da yayan zai ƙaura da iyalinsa wani gari mai nisa, a tasha, mota tana ta ruri, ya miƙo makullin ta taga. Baba ya tsaya jim, yayan ya daka masa tsawa, "Riƙe mana!" Baba ya karɓa, ya fahimci an ce ya riƙe musu. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Uwa ɗaya uba ɗaya, a mai da shi mai gadi? Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ta waya, "lafiya lau" a kashe.

Saboda haka ko ƙusa bai taɓa bugawa a bangon ba. Allon da yake rataye makullai a jingine yake a ƙasa. Rufin na yoyo dab da injinsa, sai ya kafa bokiti a wurin. Matarsa ta ce, "Haba Malam, kwano ɗaya fa za ka canza!"

"In canza, gobe a ce na fara gyara don in cinye kayan mutane? Ba da ni ba."

Yayan ya rasu. Bayan wata biyu sai ga 'yar marigayin a shago, tare da wani mutum mai tef ɗin awo. Ta durƙusa ta gaida baffanta, shi kuwa mutumin sai kallon rufi yake yana ƙwanƙwasa bango. Ta ce za ta dawo jibi da takarda. Takarda! Nan take Baba ya yanke hukunci a ransa. An zo sayarwa ke nan, shi kuma duk duniya ba shi da inda zai kafa inji sai nan.

Da rana tsaka ya rufe shago, ya nufi gidan maƙwabcinsa, wani tsohon magatakardan kotu. Tsohon ya saurara, ya ce, "Daɗewa a wuri tana da nauyinta, amma ya danganta da yadda ka shiga. In amana aka ba ka, ko shekara ɗari ka yi, na magada ne. In kyauta ce, naka ne. Wa ya ji abin da ya faɗa?"

"Ni kaɗai."

"To, ka ce ba ka ya yi, wa zai musa?"

Baba ya yi masa irin kallon da yake wa masu kawo makulli, ya tashi. A hanya har yana raya wa ransa ko tsohon ma da nasa nufin a kan shagon. Duk da haka ya gwada maganar a bakinsa sau da yawa, ta ƙi zama.

Da jibi ta yi, yarinyar ba ta kai ga buɗe jaka ba ya dire makulli a kan tebur. "Ga amanar ubanki. Ya ce in riƙe muku, na riƙe. Ki ba ni mako guda in kwashe kayana."

"Mu kuma, Baffa?" Ta zaro takardar shagon. Sunan Baba ne a kai, kwanan watan kuma na makon da yayan ya tafi. "Ai ba ka ya yi. Ya ce ya miƙo maka kana ta noƙewa, har sai da ya ce riƙe mana, don Allah karɓi. Har ya koma ga Allah yana cewa ya ba ƙaninsa shago ko 'na gode' bai samu ba. Shi ya sa ya rantse ba zai aiko da takardar ba sai ka tambaya."

"Mai awon fa?"

"Kafinta ne. Gwaggo matarka ce ta gaya min a wurin ta'aziyya cewa rufin na yoyo."

Baba ya ɗaga takardar sama ya duba hatimi, ya duba sa hannu, ya juya bayanta yana neman aibu. Bai samu ba. Shekara ashirin da shida yana fushi da mutumin da ya yi masa kyauta, kuma yanzu babu wanda zai kira ya gode wa.

Yarinyar ta tura masa makullin a hankali, ta ce, "Baffa, ƙofar wa?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai hawaye suka riga shi.