Kwalbar Maganin Malam Sani

Ranar Litinin ce, sakamakon zaɓe ya fito. Ƙarfe bakwai na dama koko na kai wa mijina Malam Sani, haɗe da kofin ruwa, don kullum da busasshen baki yake tashi. Aikin maganinsa ne.

Marini ne a karofin Ƙofar Mata. Tun rasuwar ɗanmu na fari ciwon damuwa ya kayar da shi, ba ci, ba barci, ba magana. Likita ta ɗora shi kan wani tsohon magani, amitiriftilin, ƙwaya ɗaya bayan isha'i. Ta ja ni gefe ta ce, "Ke za ki riƙe. Kada ya daina farat ɗaya, kada kuma ki bar masa kwalbar. In aka sha da yawa, zuciya yake tsayarwa." Na kulle a kabad, makulli a haɓar zanena. Wata huɗu ban yi sake ba. Har ya koma aiki, har ya fara tsokanata wai na zama gandiroba.

Goma saura muka ji ihu daga bakin titi. Sai fashewar gilashi. Sai ƙaurin taya. Gidanmu na Soron Ɗinki katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan wani ɗan siyasa, mu da ko fosta ba mu taɓa liƙawa ba.

"A ƙona! A ƙona!"

Goma da rabi wuta ta kama rufin ɗakin girkina. Wani maƙwabci ya buga ƙofa yana cewa, "Ku fita ta baya!" Na goya Ummi, 'yarmu mai shekara biyu. Ko takalmi ban saka ba, kwalbar na ɗauko na ƙulle a zane. Malam ya miƙe zumbur, jiri ya kwashe shi, don maganin ba ya son a miƙe da gaggawa. Na ɗago shi, na ja hannunsa mai shuɗin baba.

Lungu-lungu muka bi. Harbi uku ta gabas. Mata na salati, yara na kuka, kwalba na ƙacau-ƙacau a ƙuguna. Sau biyu ya dafa bango yana haki. Sha biyu daidai muka isa gidan Inna, mahaifiyata, a Mandawari.

A zaure ya toge. Shekara tara da aurenmu, ko ruwa bai taɓa sha a gidan surukarsa ba, balle kwana. Inna ta aiko a ce masa yau ba ranar kunya ba ce. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai fake a ɗakin abokin aikinsa Malam Idi a Ƙofar Mata. Na roƙa, na yi faɗa, wallahi har kuka na yi.

Sai ga mota da lasifika. "Dokar hana fita! Kowa ya shige gida!"

Nan maganganun likita biyu suka yi karo a kaina. Kada ya daina. Kada ki ba shi. Da na ware ƙwaya biyu a takarda, ai da an gama, aikin minti ɗaya ne. Amma aka yi harbi a bakin lungu, Ummi na tsala ihu. Na damƙa masa kwalbar gaba ɗaya.

"Ɗaya, Malam! Ɗaya tak!"

Ya gyaɗa kai, ya sha kwana.

Laraba da hantsi aka sassauta doka. Malam Idi ya yi sallama a zaure, shi kaɗai. Ya ce Malam bai runtsa ba, yana ta jin "a ƙona" a kunnensa, yana cewa ɗayar ba ta kama shi ba. Da asubar Laraba aka tashe shi salla, bai tashi ba. Barci ya nema ko wani abu daban, Allah ne masani, ni dai ban sani ba.

Malam Idi ya miƙo mini hular mijina da carbinsa da kwalbar. Kwana biyu Malam ya yi ba tare da ni ba, ƙwaya biyu ya kamata a ce sun fita. Na kai ta kunnena na girgiza. Ba ta yi ƙara ba.