Kififiyar Baba

Ni na tsinto ta, wannan kam ko ita ba za ta musa ba. Ana cike wani kududdufi a Gwallameji za a yi gini, tifa ta taka mata gefen ƙoƙon baya ya tsage. Na sa ta a buhu na kai wa mahaifina a Ƙofar Wambai, don baduku ne, hannunsa ya saba haɗa abin da ya yage.

Baba mutum ne mai tsadar magana. Shekarata arba'in a gabansa, ban taɓa jin sannu mai laushi daga bakinsa ba. Ran da na karye ina yaro, cewa ya yi, "Wa ya aike ka?" Amma sai ga shi durƙushe gaban baho, yana wanke wa kififiya ciwo da ruwan ɗumi, yana naɗe ƙoƙon da siririyar fata, yana ce mata, "Yi haƙuri, 'yar nan, saura kaɗan." Wallahi kishi ya turnuƙe ni, ƙato da ni, da 'ya'yana uku.

Sai dai albarkacinta Baba ya fara kirana a waya. Kullum da hantsi: "Kai, ka taho da ƙananan kifi." Ina jin haushi, ina kuma jiran kiran.

Da ta warke ya ce a mayar da ita ruwa. Ni kuwa na san in ta tafi, kiran ya tafi. Na ce, "Baba, a huda gefen ƙoƙon a ɗaure ta da igiya mana, kamar yadda ake yi wa kunkurun gida."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wata biyu ina haɗa ta, kai kuma ka ce in huda?"

Muka kai ta dam ɗin Gubi. Ta sulale cikin ruwa ko waiwaye babu, butulu. Baba ya daɗe a tsaye, idonsa ya kawo ƙwalla. Ni ina gefe riƙe da baho.

Mako uku shiru. Ran nan ina ofis wayata ta yi ƙara, na ga shi ne, na ɗauka. Na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya ce, "Lafiya. Kai, ba ka sake ganin wata ba?"

Na ce masa zan duba.